Tawadar Allah a Kuncin Hagu

Ana tsakiyar barcin rana a garin Puebla aka kira Sufeto Remigio Ugalde shagon Don Cirilo Zepeda, mai sassaƙa zanen zolaya a farantin tagulla, ya buga a takarda, ya sayar da kowace takarda kan kuɗi santabo ɗai-ɗai. Wani ya faɗo masa ta baya, ya farfasa masa yatsun dama da guduma, ya sace farantin sabon zanensa. Shekara talatin hannun nan yake ciyar da gida. Wallahi abin da takaici!

Cirilo bai ga fuskar mutumin ba. Takarda ɗaya tak ya buga ta gwaji, ya liƙa a taga: Dakta Anacleto Barragán, shehin malamin falsafa, ya matse tumbi cikin kwat ɗin Faransa, yana yi wa jaki lacca, gefensa Doña Eduviges mai sayar da huluna, kaza na ƙwai a hularta.

Sufeto ya fara da matar. Ta rantse ba ta ma ga zanen ba, alhali maƙwabta sun ji ta tana zagi gaban tagar tun safe. Ƙarya ce, amma hannunta ko gudumar ba zai iya ɗagawa ba.

Dakta kuwa ko kujera bai ba shi ba. Ya ce a taga ya gani, kamar kowa, kuma mutum irinsa ba ya kula shirmen 'yan kasuwa. Da ya yi shiru nan, da ya sha. Ina! Sai ya nuna shi masani ne.

"Mai zanen jahili ne ma," in ji shi. "Tawadar Allah tawa a kuncin dama take, shi kuwa ya zana ta a hagu."

Sufeto ya zaro takardar gwajin daga aljihu ya shimfiɗa. "Duba, Dakta. A dama take."

Sai Sufeto ya ci gaba.

"Mai sassaƙa a juye yake aiki, takarda ce ke miƙe zanen. A faranti kaɗai take hagu. Ina ka ga farantin?"

Cikin akwatin hular Dakta aka sami farantin. Mutumin da ya rubuta littafi uku kan ɗa'a ya tsaya yana kumfar baki, wai ɗalibansa na yi masa kukan jaki a aji, wai da ya bar farantin, da gobe an buga dubu. Ya amsa shi ya yi, ko kunya babu.

Da gangan Sufeto ya bi da shi ta gaban shagon, da ankwa. Cirilo na zaune a ƙofa, dama a naɗe, fensir a hagu, takarda a gwiwa.

"Sufeto, ɗan tsaya min da shi," ya ce. "Wannan hannun bai saba ba tukuna."