Tawa Ce

Tau! Tau! Harbi biyu, tayar gaba ta fashe. Motar da ke ɗauke da kofin ƙasa ta yi tangal-tangal ta daki bakin kwalbati. Rana tsaka, saura awa uku a take wasan ƙarshe.

'Yan fashi uku suka dira daga wata mota, fuska a rufe: Dogo shugabansu, Direba, sai Gola, wanda yau ne farkon riƙe bindigarsa. Doka ɗaya Dogo ya kafa masa: kada ya kuskura ya buɗe baki, don duk mai kallon ƙwallo ya san muryarsa.

Gola bai zo don zinariya ba, haushi ne ya kawo shi. Gasar sili-ɗaya-ƙwale ce, kuma ƙungiyarsu ta talakawa, wadda ko takalma sai an yi karo-karo, ta fitar da manya huɗu a jere ba a zura masa ko ɗaya ba. A wasan kusa da na ƙarshe, minti na casa'in, wani ɗan ɗaya ƙungiyar ya faɗi shi kaɗai kamar buhun gishiri, alƙali ya hura fenariti. Gola ya ci kwalar alƙalin. Jan kati, sannan dakatarwar shekara biyar. Shekara biyar ga mai shekara talatin ai kabari ne! Shi ya sa da Dogo ya zo da maganar kofi, Gola da kansa ya zana musu hanyar da motar za ta bi. Tunda an hana shi ɗagawa, to kowa ma ya rasa.

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!" Dogo ya daka tsawa.

Mutum huɗu suka zube a kan kwalta. Gola ya gane na ƙarshensu: tsohon Koci ne, wanda ya koya masa kama ƙwallo tun safar hannu tana yi masa yawa. Ashe shi aka karrama da rakiyar kofin bana.

Direba ya ɓalle akwatin kofin. Wani jami'i mai taurin kai ya yi wuf ya rungume kofin. Dogo ya sauke masa gindin bindiga a ƙeya — kofin ya suɓuce — ya tashi sama yana juyi!

Jikin Gola bai yi shawara da shi ba. Ya yar da bindiga, ya yi tsalle, ya cafe a iska.

"Tawa ce!"

Ihun da ya shekara goma sha biyar yana yi wa 'yan bayansa ke nan duk sanda ƙwallo ta taso. Hali zanen dutse.

Koci ya ɗago kai a hankali.

"Ɗana? Kai ne?"

"Ka ƙona mu, ɗan iska!" in ji Dogo. Ya shuro masa bindigar da ƙafa. "Ɗauka ka gama da tsohon. Yanzu!"

Gola ya ƙi ɗauka. Ya matsa ya tsaya tsakanin Dogo da Koci, ƙafafu a ware, yadda yake tsayawa a bakin raga.

"Sai dai ka bi ta kaina."

Jiniya ta taso daga nesa. Wata mai shago da ta ga komai ta riga ta buga waya, Sufeton 'yan sanda da yaransa da ke gadin filin wasa suka cika mota biyu. Dogo ya ƙunduma ashar, ya fizgi Gola cikin mota da kofin a ƙirjinsa. Direba ya ba ta wuta.

Suka sha kwana ɗaya — suka sha ta biyu — jiniya na ƙara matsowa! Dogo ya zaro wuƙa ya kankare gefen kofin. Ruwan zinariyar ya ɓare, farin ƙarfe ya leƙo.

"Gwangwani! A kan gwangwani ka jawo mana 'yan sanda?"

Gola ya ce shi bai taɓa cewa zinariya ba ce, kofi ya ce. Dogo bai tsaya jin sauran ba. An san fuska ɗaya, to a bar wa 'yan sanda ita su yi ta fama. Ya buɗe ƙofa ana cikin gudu, ya tura Gola waje. Gola ya riƙe murfin ƙofar da hannun dama. Tau! Harsashin Dogo ya ratsa tafin. Ya gangara kan titi, amma ko a faɗuwar bai saki kofin ba.

Haka Sufeto ya same shi, a dunƙule kamar ya kama fenariti.

An buga wasan ƙarshe, an makara da minti arba'in kacal. A rediyon ofishin 'yan sanda Gola ya ji ana ɗaga kofin, da lotsawarsa da komai, jama'a na sowa. Su Dogo sun sha. Likita ya ce yatsu uku ba za su sake lanƙwasuwa ba. Koci ya zo ya tsaya a bakin kanta, ya daɗe yana kallon hannun da ya horar, ya juya ya fita. Wannan fitar ta fi harsashin zafi.

Sufeto ya jawo kujera, ya buɗe littafi.

"Hanyar motar, da lokacinta, wani na gida ne ya bayar. Dabarar wa ce?"

Gola ya dubi bandejin. A karo na biyu a ranar ya faɗa, wannan karon da ƙyar ake ji.

"Tawa ce."