Kyandir Biyu a Ƙofar Coci

"'Yar nan, kyandir biyu! Kuma rawa nake so ta gaske, ba ta jeka-na-yi-ka ba."

Delfina ta ɗago kai ta dubi matar da ta yi maganar. Ranar bikin Sinulog ce, birnin Cebu ya cika maƙil, ganguna kamar za su tsaga ƙirji. Ita kuwa tana inda mahaifiyarta ta shekara talatin, a ƙofar coci, cikin mata masu kyandir. Ka saya, ka faɗi sunan mutum da buƙatarka, su ɗaga kyandir ɗin su taka rawa suna kai roƙonka gaban Yaro Mai Tsarki, wato Yesu yana ƙarami.

Matar ba ta san ta ba. Ita ce ta san matar, don ta sha ganin hotonta a wayar Rodel. Mahaifiyarsa ce.

"Sunan wa zan kira, Mama?"

"Ɗana Rodel da amaryarsa Charito. Asabar mai zuwa ne auren!"

Wayyo Delfina! Bara war haka, a nan wurin, Rodel ya riƙe hannunta yana cewa, "Fina, hasken idona, biyo ni Manila mu yi aure." Ta dubi tsohuwarta da gwiwoyi suka gama da ita, ta ce, "Wa zai riƙa tayar da ita da safe?" Ya rantse zai jira. Ya yi wata takwas yana jira, daga nan waya ta yi shiru.

Sai ga shi ya kutso daga cikin taro, gorar ruwa a hannu. Suna haɗa ido da Delfina ya ƙame.

"Mama... mu je wajen wata."

"Kai, rufe mini baki! Tun ɗazu nake kallonta, duk layin nan babu mai ƙafarta."

"Fina..." ya faɗa can ƙasa, "don Allah ki ce kin gaji."

Ina hali? Doka ɗaya tak uwarta ta koya mata: ba a mayar da roƙon mutum, ko maƙiyinka ne.

Tsohuwar Delfina na gefe a kan kujera, ta ji komai. Ta dafa sanda ta yunƙura. "Miƙo nan, 'yata, ni zan yi..." Ta kusa miƙewa, gwiwoyin suka ci amanarta, ta koma daɓas.

"Zauna, Inna. Aikina ne."

Delfina ta ɗaga jajayen kyandir biyu. Taku biyu gaba, ɗaya baya. Ta roƙa wa Rodel lafiya, ta roƙa masa gida mai albarka. Daga nan ta iso sunan amarya. Sau uku ta kira shi kamar yadda aka saba, hawaye na sauka har wuyan rigarta. Rodel ya kasa kallo, ya juya mata baya.

Da ta gama, matar ta rungume ta tsam, ita ma idonta ya kawo ruwa.

"Rodel, juyo ka gani! Har kuka take mana, baiwar Allah. Wannan roƙo kam ya karɓu." Ta shafa kumatun Delfina. "Ki riƙe fuskata, 'yata. Baɗi wajenki zan dawo, da sunan jikana."