Ranar da Aka Yanka Sabuwar Jiha

Karimatu ta fara ganin Sahabi ne a wani shagon kwamfuta a unguwar Gawon Nama, cikin Sakkwato, yana zufa yana dukan madannai kamar mai sussuka. Na'ura ɗaya suke rabawa, shi da safe, ita da rana. Ƙungiyar dillalan shanu ce ta ba shi aikin adana bayanan dabbobi da jihar da aka kawo kowace.

Da ta leƙa aikin nasa, dariya ta kama ta. Duk inda ya buƙaci sunayen jihohi a furogiram ɗin, sai ya sake rubuta su da hannu. Ma'ajiyar kowane bayani kuwa, x ko y ya raɗa mata. Ta bar masa saƙo a allo:

"Malam, tara jihohin ga cikin tebur guda, wato jeri guda, ka riƙa kiransu daga can. Kowace ma'ajiya ka ba ta sunan abin da ta ɗauka. Soja ka mulki, taswira ba ta zama wuri guda."

Washegari ta tarar da amsa: "Na ji, Sarauniyar Gyara."

Ta ɗauka gatse ne, ta yi kwanaki tana cika tana batsewa. Shi kuwa bai daina barin gaisuwa ba, har zuciyarta ta narke.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta Alhaji Tambari, shugaban dillalan, ya fi son ta auri Junaidu mai fataucin fata. Ya ce Sahabi mai latsa talabijin ne kawai, ba shi da sana'a, kuma ranar da na'urar ta yi kuskure, aiki da aure duk sun tashi.

Ana nan sai rediyo ta sanar an yanka sabuwar jiha daga Sakkwato, can inda yawancin shanun ke fitowa. Karimatu ta tabbata furogiram ɗin zai ƙi sunan da bai sani ba. Ta garzaya shagon, ta iske Alhaji tsaye a kan Sahabi.

Sahabi ya buɗe tebur ɗaya, ya ƙara layi ɗaya. Komai ya tafi daidai.

"Yaushe ka gyara?" ta tambaya.

"Tun randa kinka yi min hwaɗa, Sarauniya. Kunya ta hana in gaya miki."

Alhaji ya dube su, ya gyara hula.

"Wanda ka jin maganar ɗiyata tun ba a ɗaura ba, na ba shi ita."

Bayan babbar salla aka ɗaura auren. Allah ya bar su tare, ya ba su zuri'a mai albarka.