Ɗakin da Ya Tsuke Daga Ciki

Ran da bangon ɗakin Ummu ya bushe, Namadi magini ya zagaya bayan masallacin unguwa ɗauko azara. Ya yaye zanar da aka rufe su da ita, sai ya tarar da karan dawa dami-dami an jera. Azara arba'in, ko guda babu.

A zamanin nan da Sakkwato ke naɗa sarakuna, mutanen wannan unguwa ta Tambuwal suna da gayyarsu. Kowane rani sukan gina wa mara hali ɗaki, su yashe rijiya, su cike kwazazzabo. Bana rabon Ummu ne, wadda gobara ta cinye wa gida bayan rasuwar mijinta, ta bar ta da 'ya'ya uku a rumfar kara. Ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas. In ruwa ya sauko ba rufi, bangon narkewa zai yi, Ummu ta ci damina a fili.

Shugaban gayyar, Ɗangiwa mai fataucin goro, ya iso yana baza babbar riga. Mutumin da gudummawarsa ba ta wuce murya ba, amma a wurin addu'a shi ne gaba.

Ya ce, “Bube na! Mai jakan ga da yak kawo su daga Kebbe, shi yas san inda anka aje su. A ɗaure shi!”

 Namadi ya nemo Bube a kasuwa.

“Yaushe rabonka da bayan masallaci?”

“Tun ran da nis sauke su. Jaki ba shi ɗaukar azara sama, Malam, jan ta shika yi ƙasa. Tai ka duba.”

Namadi ya koma ya duba. Layin da azara ta ja ran shigowa yana nan, na fita babu. Ashe a kafaɗa aka kwashe su, kuma mai ɗaukar azara a kafaɗa ba ya nisa.

Ya tambayi Malami ladan. Tsohon ya ɗaga sandarsa. “Ni da nika jan ƙafa? Amma ran Juma'a duk muna babban masallaci, nan ko kaza babu.”

A bakin rijiya ya tarar da Tambaya, tsohuwa mai sayar da ruwa, tana mita.

“Iya, wa ya ɓata miki rai?”

“Barorin Ɗangiwa mana! Kwana bakwai sun hana mu guga. Wai goro suka yayyafa ma.”

Namadi ya yi tsaki. Goro ɗan yayyafi yake so, ba tulu ɗari ba. Ruwa mai yawa haka, ƙasa ake kwaɓawa da shi. Kuma duk maginan garin ya san su, ba wanda aka kira gidan.

Ya je wurin alƙali, aka haɗa shi da Ɗan'iya, manzon kotu. Ɗangiwa ya tarbe su da murmushin dole, ya buɗe musu ɗakin ajiyar goro da ke jikin zaure.

“Ku duba. Azarata ta, tun ta ubana. Azara na da suna?”

Namadi bai ko ɗaga kai ba. Ya fita waje ya auna bangon da kamu: takwas. Ya dawo ciki ya auna: huɗu. Ya danna babban yatsa a bango, yatsan ya nutse.

Ya ce wa Ɗan'iya, “Ka gani? Ni niy yanke azaran ga kamu fuɗu da ɗan ɗori, daidai ɗakin Ummu. Shi ko rufin ɗakinai ya ruɓe, ɗakin kuma ya fi su faɗi. Magini ya san yadda aka kama faɗin ɗaki da gajeruwar azara, amma Ɗangiwa ba shi iya kiran magini, don za a gane azaran. Sai yas sa barori sunka tada wani bango daga ciki, sunka tsuke ɗaki har yai daidai da kayan sata.”

Ya juya ya dubi Ɗangiwa sama da ƙasa. “Tir! Attajiri guda, ka matse kanka cikin ɗakin marayu.”



Alƙali bai ɓata lokaci ba. A ranar aka kware rufin, aka kwashe azara. Washegari gayya ta rufe ɗakin Ummu, aka daɓe sama. Kwana uku tsakani ruwan fari ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ummu ta zauna a bakin ƙofa da 'ya'yanta, tana kallonsa tana hawaye, ba ɗigo ɗaya a kansu.

Ana cikin ruwan sai ga baran Ɗangiwa jiƙe sharkaf, wai ɗanyen bangon ya zube a kan goro, maigida yana roƙon gayya ta taimaka.

Namadi ya ce, “Gayya ta marasa hali ta. Ce mai in goron ya gama ruɓewa, shi zo baɗi mu duba.”