Duwatsu a Haɓar Zane

Ranar Talata, 12 ga Yuni, 1956, Maraɗi ta tashi da sanyin ruwan farko. Da safe wani likita ya zo lakwal, makarantar boko, da ma'auni da babban littafi.

Mushe Gado, malamin aji, ya ce, "Za a auna tsawonku da nauyinku. Akwai cutar da ake ɗauka a ɗanyar madara, tana hana yaro girma. Wanda aka ga ya rame, za a duba shi."

Akwai wata yarinya siririya a ajin. Kullum tana tatsar jar akuyarsu, ta sha madarar da ɗuminta. Kwanakin nan kuma zazzaɓi yana zuwa mata, ya tafi, ya dawo.

Ƙawarta Tasalla ta zungure ta. "Ke Tsinke, in kin hau, ma'aunin ba zai san an hau shi ba!"

Kunya ta kama yarinyar. Ta zagaya bayan aji, ta ƙulle duwatsu a haɓar zanenta, ta soke a ƙugu. Ta dawo ta hau ma'auni.

"Madalla," in ji likita. Ya rubuta, ya sallame ta. Yara shida aka ware, aka ba su magani. Ita ba ta ciki. Likita ya wuce Tsibiri da Jiratawa, ya koma Yamai.

Bayan mako biyu gwiwoyinta suka riƙe, ta kasa zuwa lakwal. Mushe Gado ya zo duba ta.

"Abin mamaki," ya ce. "Ai likita ya ce nauyinki daidai ne."

Ta rufe fuska. "Mushe, har da nauyin duwatsu."

Innarta ta tafa hannu. "Ikon Allah! Ke buhun gujiya ce, da za a yi miki algus?"

Mushe Gado ya danne dariyarsa. "Ma'auni ba ya zolayar kowa, 'yata. Wanda ya ɓoye wa likita gaskiya, kansa ya cuta."

Aka kai ta asibiti, ta sha magani, ta warke. Tun daga nan sai an tafasa madara take sha.

"Saura littafin likita," in ji Mushe Gado. "Da shi za a san lafiyar yaran ƙasar nan duka."

Aka sake auna ta. Ta rubuta wa likita wasiƙa da hannunta, ta faɗi nauyinta na gaskiya, ta nemi gafara. Tasalla ta raka ta gidan waya. Yarinyar ta yi ɗage, ta jefa wasiƙar Yamai a akwati.