Izinin Kallo Kawai

A 1998 aka tura ni Salaga, a arewacin Gana, in gyara rauta, na'urar da ke haɗa kwamfutocin wani ofishi da intanet. Tana da aibi guda: wanda aka ba izinin kallo yana iya hawa matsayin mai iko. Na san haka sarai, har takarda na rubuta a kai a jami'a.

Bayan isha wani tsoho ya yi sallama. Rigarsa na warin tsohuwar rijiya.

"Ɗana, kallo kawai zan yi."

A Zango, unguwar Hausawan garin, ba a korar baƙo, sai na buɗe masa ƙaramin izinin, na juya in sha ruwa.

Da na waiwayo, yana kan kujerata. Na buga sunana, na'urar ta ce ba ta san ni ba. Tsohon ya tashi ya fita abinsa. Na ja ƙofa, ta ƙi. Na ƙwala wa maigadin ofishin kira, bai ko ɗaga kai ba.

Ta taga na ji maigadin yana yi wa tsohon sallama da sunana, "Sai da safe, Malam Karimu."

Muryata ce ta amsa masa daga bakin tsohon.