Marin Cikin Fim

Tun safe take kai-kawo tsakanin falo da ɗaki, waya a hannu. Ta zauna, ta miƙe, ta leƙa taga, ta dawo.

"Ke, kina sa ni jiri!" in ji Mama. "Zauna mana!"

"Mama, kwana uku bai kira ba fa!"

Tana 'yar shekara sha shida ta yi fim ɗinta na farko, ta fito a yarinya marar kunya, daga nan sunan 'Yar Tsiwa ya bi ta. Shekara takwas ke nan kowane darakta abin da yake ba ta ke nan: harara, murguɗa baki, zagi. A titi rububin selfi ake da ita, a gida kuwa ko ido ba ta iya haɗawa da babba. Malam, mai koyar da lissafi a sakandaren bayan layinsu, ya san haka, shi ya sa yake neman aurenta.

Da la'asar sai ga shi, fuska ba walwala.

"Ummata ta kalli sabon fim ɗinki," ya ce. "Wanda kika mari surukarki."

"Aktin ne fa!"

"Na gaya mata. Ta ce da idonta ta gani, ba za ta kawo mai dukanta gida ba."

'Yar Tsiwa ta fashe da kuka, ta fizgi mayafi. "Wallahi yanzu zan je in yi mata bayani!"

"Ba inda za ki," Mama ta tare ƙofa. "Kika je da wannan zafin, kin gaskata ta. Ki riƙa zuwa gaisuwa, bakinki a rufe."

Wata huɗu tana zuwa duk mako. Ta durƙusa, Umma ta ja kujera baya ta amsa da hanci. A wurin ɗaukar fim ta fara manta layin da za ta faɗa, ta rame, da an ce hutu sai duba waya. Sau biyu ta rubuta wa Malam "mu haƙura", sau biyu ta goge.

Ran nan Umma ta ce wa ɗanta ya kai ta wurin aikin ba sanarwa, ta kama yarinyar a ainihin halinta. Suka tarar ana ɗauka. 'Yar Tsiwa ta ɗaga hannu kan wata dattijuwa, hannun ya wuce ta gaban hancinta, wani mutum a gefen makirfo ya tafa, tas!

"Kat!" in ji darakta.

Nan take 'Yar Tsiwa ta zube ƙasa. "Inna, ban taɓa ki ba ko? Ki yafe min."

"Oh ni! Kullum sai kin ba ni haƙuri?" Dattijuwar ta juya ta ga baƙuwa tsaye baki buɗe. "Hajiya, kin ga wannan? Bara da na kwanta asibiti, ita ta yi jinyata wata guda. 'Ya'yan cikina ma ba su yi ba."

Umma ta matso kusa da 'Yar Tsiwa.

"Tashi, 'yata. Ni ce zan nemi yafiya."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, kuma ba ta bar sana'arta ba. Wanda zai yanke wa mutum hukunci ya bari sai ya zauna da shi, wanda aka yi wa mummunar fahimta kuma ya daure, halinsa zai wanke shi.